Jirgi Ba Ya Jiran Kowa: Kurakuran Sababbin Shiga a Doguwar Tafiyar Teku

A kowace tasha, idan lokacin tashi ya gabato, akwai tsofaffin fasinjoji da ke hawa can saman jirgi su jingina da ƙarfe, su zuba wa bakin tasha ido. Masu gudu suke jira. Kuma da wuya su rasa: wani zai ɓullo da ledojin tsaraba a hannu biyu, hula ta faɗi, takalmi ya tsinke, yana ɗaga wa jirgi hannu kamar mai tsayar da tasi. Wasu su yi tafi, wasu su ɗauki bidiyo. Ni ba na dariya, don an taɓa kallona daga wannan ƙarfen. Tafiya huɗu na yi tun daga lokacin, mafi tsawo ta kwana 50 da 'yan kai, kuma kurakuran nan dai su ne nake gani, fuskoki kawai ke canzawa. Na gaji da jan mutane gefe ɗaya bayan ɗaya ina yi musu bayani, shi ya sa na zauna na rubuta.

Bari in fara da agogo, tunda shi ya kayar da ni.

Jirgi yana da lokacinsa, gari yana da nasa, kuma ba dole ne su zo ɗaya ba. Kyaftin ne ke yanke hukuncin ko za a juya agogon jirgi ya dace da na ƙasar da aka isa ko a bar shi yadda yake. Wayarka ba ta san wannan ba. Da ta shaƙi sabis ɗin garin, sai ta gyara kanta shiru ba sallama. Mun taso daga tsibirin Aruba zuwa Kartahena ta ƙasar Kolombiya, wadda ke bayan Aruba da awa ɗaya, jirgi kuma ya riƙe lokacin Aruba. An rubuta a takardar shirin yini da ake sako wa kowa ta ƙarƙashin ƙofa. An rubuta a allon bakin tsanin sauka: kowa ya dawo 4:30, tashi 5:00. An faɗa a lasifika. Duk na gani, duk na ji, babu wanda ya shiga kaina, don hankalina ya riga ni sauka.

Kartahena kuwa gari ne mai cinye lokaci. Ga ganuwar da Sifaniyawa suka kewaye tsohon birnin da ita, ga katafariyar ganuwar yaƙi ta San Felipe a kan tudu, ga lunguna masu barandar katako da furanni na zubowa. Na duba waya na ga 3:45, na ce ai da sauran rana, na tsayar da tasi a natse. A agogon jirgi 4:45 ne. Muka faɗa cunkoson yamma. Ko da na isa tasha, wayata na cewa 4:20, jirgin ya riga ya saki igiya, ruwa ya shiga tsakaninsa da siminti. Tazarar da jifa zai kai. Ina ganin barandar ɗakina. Ina ganin mutanen nan a sama.

Abin da ya cece ni shi ne ma'aikatan tsaron jirgin sun buɗe akwatin ajiyar ɗakina, sun ciro fasfo, sun bar wa wakilinsu na tasha. Sauran kayana, har da caja da magunguna, sun yi gaba. Na kwana a otal, na sayi tikitin jirgin sama na gaggawa zuwa San Jose ta Kosta Rika, na shiga mota zuwa Puntarenas, na zauna zaman jiran jirgin da ɗakina ke ciki. Duk daga aljihuna, ko sisi kamfani bai biya ba, kuma da gaskiyarsu. Amma kuɗin ba su ne suka fi ci mini rai ba. A kwanakin da nake yawon filayen jirgin sama ne aka ratsa mashigin Panama. Mashigin da aka buɗe a 1914, mai tsawon kilomita kusan 80, inda ake ɗaga jirgi sukutum da ƙofofin ruwa har mita 26 zuwa tafkin Gatun, a sake sauke shi a ɗaya tekun. Saboda shi na biya kuɗin tafiyar. A wayar maƙwabcin ɗakina na kalle shi.

Tun daga ranar nake ɗaura agogon hannu mai arha, irin wanda ba ya haɗuwa da komai, in saita shi da agogon bakin tsani kafin in taka ƙasa. Ina ɗaukar hoton allon, da hoton lambar wakilin tasha da ke cikin takardar yini. Fasfo ko kwafinsa da katin banki ɗaya suna jikina. Kuma ni awa biyu kafin lokaci nake dawowa. Abokan tafiya suna yi mini tsiya, wai tsoro ya yi mini yawa. Su yi ta yi. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Ku kuma sani, idan ta hannun jirgi ka sayi yawon buɗe ido, motarku ta makara, za a jira ku ko a ɗauki nauyin kai ku tasha ta gaba. Idan kai ka shirya abinka, kai ka jiyo. Na jirgi ya fi tsada, wani lokaci ninki biyu, kuma ba kullum nake saye ba. Ƙa'idata ita ce: in wurin da za ni ya wuce tafiyar awa ɗaya daga tasha, ko sai an haye ruwa kafin a kai, na jirgi nake bi. In cikin gari ne, ƙafata ta ishe ni.

Kusa da wannan akwai masu sauka a garin da za a tashi a ranar tashin kanta. Jirgin sama ya yi jinkirin awa uku, tafiyar wata biyu ta tafi ba su. Ka iso da kwana ɗaya, ni biyu nake yi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Takardu ma haka. Ƙasashe da yawa suna son fasfo ya rage wata 6 bayan ƙarshen tafiya, kuma akwai ƙasar da za ta nemi biza ko da ka rantse ba za ka sauka ba, tunda jirgin ya shiga ruwanta. Ka bi jerin tashoshin ɗaya bayan ɗaya da irin fasfonka, kada ka dogara da abin da mai wani fasfo ya faɗa maka. Katin rigakafin zazzaɓin shawara sai bayan kwana 10 da allura yake fara aiki, kuma tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, don haka in kana da tsohon kati ka nemo shi.

Kuskure na biyu da ya ƙona ni shi ne araha. Na ga ɗaki a hawa na sama, can gaba wajen hancin jirgi, kuɗinsa ƙasa da na tsakiya, na ce na tsinci dami a kala. Haba malam! A tekun Karibiyan lafiya lau, tasha yau, tasha gobe. Da muka miƙi Pasifik, inda za a yi kwana biyar ko fiye ba a ga ƙasa ba, sai na gane dalilin ragin. Jirgi kamar lilo yake, tsakiyarsa da ƙasansa ne suka fi zama wuri ɗaya, hanci da wutsiya da sama su ke shan jifa. Kwana uku ina rungume da bokiti. Na sha ƙwayar hana jiri bayan amai ya riga ya fara, wanda aikin banza ne, don cikin ba ya riƙe ta. Da na galabaita aka kai ni asibitin jirgi, aka yi allura, aka sa ruwa leda biyu. Likita mai fara'a, ma'aikatan jinya masu kirki. Washegari takardar kuɗi ta biyo ni ƙarƙashin ƙofa.

Asibitin jirgi ba kyauta ba ne, ku ji da kyau. Asibitin kuɗi ne, da dala yake lissafi, kuma inshorar tafiya ta gama-gari da na saya ba ta haɗa da jirgin ruwa ba. Yana rubuce a ƙananan haruffan da ban karanta ba. Nawa ma mai sauƙi ne. Wanda zuciya ta buga masa a tsakiyar teku, sauke shi za a yi a tsibiri mafi kusa, daga can a ɗauke shi da jirgin sama na marasa lafiya, kuɗin da zai iya cinye gidan mutum. Amma kullum sai na haɗu da wanda ya kashe dukiya a kan ɗaki mai baranda, ya tsaya yana ƙyashin kuɗin inshora. Wannan wane irin lissafi ne? Ka nemi wadda ta ambaci jirgin ruwa ƙarara, ta ambaci kwashe mara lafiya, ta ambaci rasa tasha, ka kuma faɗa musu ciwon da kake da shi tun farko, in ba haka ba ranar biya za su zame.

Game da jirin kuwa, ga abin da nake yi: ɗaki a tsakiya, hawa na ƙasa. Ƙwaya tun daren da aka sanar cewa teku za ta tashi. Citta a aljihu. In na ji cikina ya fara juyawa, ba na kwanciya a ɗaki in rufe labule, fita nake yi in kafa ido can inda ruwa ya haɗu da sama. Wasu na rantsuwa da abin ɗaurawa a wuyan hannu. Ni bai yi mini komai ba.

Sai masu raina atisayen ceto na ranar farko, suna latsa waya ana nuna musu yadda ake ɗaura rigar ruwa. Dokar kare rayuka a teku ta SOLAS an kafa ta ne bayan jirgin Titanic ya nitse a 1912. A Janairun 2012 kuma jirgin Costa Concordia ya daki dutse a gaɓar tsibirin Giglio na Italiya, mutum 32 suka rasu, alhali ɗaruruwan da suka hau a ranar ba a riga an yi musu atisaye ba. Daga nan aka mayar da shi dole kafin tashi ko da zarar an tashi. In ka ji jiniya gajeru bakwai da doguwa ɗaya, alamar haɗari ce, ka san inda za ka nufa ko a cikin duhu. Minti 20 ne, ba za su kashe ka ba.

Wanke hannu: cutar amai da gudawa ta norobairos tana son jirgi, kuma man goge hannu mai sinadarin barasa ba ya kashe ta sosai. Sabulu da ruwa. In ta kama ka, kulle ka za a yi a ɗaki, kana leƙen tsibirin Bora Bora ta taga.

Waya ka sa ta a yanayin jirgin sama da zarar an bar tasha, don sabis ɗin tsakiyar teku ta tauraron ɗan'adam yake bi, kuma kuɗinsa ba ya da tausayi. Katin ɗakinka shi ne kuɗinka a cikin jirgi, ba ka jin zafin fitarsu, ga tukwicin ma'aikata da ake ɗorawa kullum a kan kowane mutum. Ni duk kwana uku nake duba lissafina. Dutsen guga, kyandir da wayar jona wuta mai kariyar ƙarfin lantarki duk ƙwacewa ake yi a bakin shiga. Magungunanka su zauna a jakar hannu, don babban akwati kan kai dare bai iso ɗaki ba, ka kuma ƙara na mako biyu a kan lissafi.

Lokacin tafiya ma a duba. Guguwar Atilantika daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba take, ta kudancin Pasifik daga Nuwamba zuwa Afrilu. Kuɗin tafiya kan yi sauƙi a lokacin, amma kyaftin na iya tsallake tsibirin da ka ƙwallafa rai a kai, kuma takardar da ka sa wa hannu ta ba shi dama. Tsibiran da ba su da wurin jingina babban jirgi, irin su Grand Cayman, da ƙananan jirage ake kai mutane gaɓa, in igiyar ruwa ta yi ƙarfi a fasa. Kada ka tara burinka duka a kan tasha ɗaya, ni da na tara nawa a kan Panama na ga yadda ta kaya.

A ƙasa kuma, baƙo ko da ido makaho ne. Tufafi masu zanen kakin soja haramun ne ga farar hula a Barbados da Jamaika, har da na yara. Singafo ta hana shigo da cingam tun 1992. Ostireliya da Niyu Zilan ba sa wasa da abincin da aka sauko da shi daga jirgi, tuffa ɗaya a jaka ta isa a ci ka tara. Hawai ta hana sayar da wasu mayukan kariyar rana masu lalata murjani tun 2021. A gaɓar Karibiyan in ka ga bishiya an shafa mata jan fenti, mai 'ya'ya kamar ƙananan tuffa, kada ka taɓa, kada ka fake a ƙarƙashinta in ana ruwa, ruwanta ƙona fata yake yi. Rana kuwa, masu cewa fatarsu ta saba, iskar teku ce ke rufe zafin, sai dare kafaɗa ta ba da labari. A ƙauyukan Fiji a cire hula, a rufe kafaɗa. Ranar Lahadi yawancin tsibiran Pasifik a rufe suke, a Tonga ma tsarin mulki ne ya ce a rufe, don haka sayayyar tsaraba ba ta ranar ba ce.

Akwai kuma layin canjin kwanan wata da ke tsakiyar Pasifik. In jirgi ya haye shi ya nufi yamma, rana guda ce ke ɓacewa ɗungurungum. Mu mun kwanta Alhamis muka tashi Asabar. Ƙasar Samoa ma ta taɓa yin haka da gangan, ta tsallake 30 ga Disamban 2011 ta koma ɗaya gefen layin. Wata dattijuwa a teburinmu mai shan maganin hawan jini daga akwati mai ramukan ranakun mako ta ga ramin Juma'a cike, ta ɗauka mantuwa ta yi, ta haɗa na Juma'a da na Asabar ta shanye. Ta yini a kwance jiri na ɗibarta. Da yamma na je gaishe ta na ce, "Hajiya, ai Juma'ar ce ba ta zo ba." Ta dube ni ta ce, "To ɗan nan, wa ya cinye ta?"