Yadda Za Ka Fara Zane da Baki

Haɗarin mota ne ya karya min ƙashin wuya, laka ta taɓu, daga kafaɗa zuwa ƙasa babu abin da ke motsi. Shekara biyu na yi a kwance, komai sai an yi min. Wuya da haƙora ne suka rage min, kuma da su nake zane yau. In kana cikin irin halina, ga hanyar da na bi.

Ka fara da abin da za ka ciza. Ni da farko haƙoran gaba na sa na damƙe burushin katako, kafin mako ya zagayo dasashina ya kumbura, muƙamuƙi ya riƙe. A sa maka bututun roba mai laushi a gindin burushin, ka riƙe shi ta gefe da haƙoran tauna. In da hali, likitan haƙori ya auna bakinka ya haɗa maka mariƙi wanda zai raba nauyin a kan haƙora da yawa. Burushin ya kasance dogo, don idonka ya ga abin da kake yi.

Fenti kuwa, na ruwa ya fi mana. Na mai sai an wanke shi da sinadari mai ƙarfin wari, ga fuskarka dab da allo, ga numfashin irinmu ba ƙarfi. A duba jikin kwalin, duk launin da ke da dalma a ajiye shi.

A tsayar da allon daidai idonka, a manne takardar kada ta zame, a jera launuka da kofin ruwa inda wuyanka zai kai ba tare da ka kira kowa ba. Wannan jerin ina ba shi muhimmanci ƙwarai, domin daga nan aikin ya zama naka kai kaɗai.

Minti 10 a rana ya isa a farko. Layi a tsaye, layi a kwance, da'ira. Wuya ne ke zanen, baki riƙo kawai yake yi. In za ka ja siririn layi, ka ɗauke numfashi har ka kai ƙarshe. Yawu zai zuba, a shimfiɗa maka tawul a ƙirji ka ci gaba.

Zane yana sa mutum ya manta da lokaci, gyambon dogon zama wuri ɗaya kuma ba ya sallama. Duk minti 30 a kishingiɗar da kekenka ko a gyara maka zama. In ka ji ciwon kai mai sara tare da gumi, ka tsaya nan take, a zaunar da kai tsaye a duba robar fitsari, don jini kan hau farat ɗaya ga mai rauni a saman laka. In bai lafa ba, a nemi likita da gaggawa.

Akwai ƙungiyar masu zane da baki da ƙafa ta duniya, wadda Arnulf Erich Stegmann, Bajamushen da shan inna ta kashe wa hannuwa tun yana yaro, ya kafa a 1957. Tana buga ayyukan mambobinta a katuna da kalanda ta sayar, tana kuma tallafa wa masu koyo. Ka adana duk zanen da ka yi, da kwanan wata a bayansa.

Nawa na farko da ya yi kama da wani abu tsuntsu ne a kan reshe, bayan wata huɗu ina jan layi. Ƙanwata ta ɗaga shi ta ce, "Yaya, sa hannu mana." Na ciji burushin na rubuta sunana a ƙasa.