Darasi na 7: Shimfiɗar da Ta Rufe Jikinmu Ciki da Waje

Ku shafa bayan hannunku. Yanzu ku zagaya harshe cikin kumatu. Waje ɗaya busasshe ne, ɗayan kuwa mai laushi da danshi, amma abin da ya rufe su dangi ɗaya ne. Likitoci suna kiransa efitiliyam. Ƙwayoyin halitta ne ƙanana, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, sun jeru sun manne da juna ba rata a tsakaninsu. Aikinsu kamar na yaɓen makuba ne a tsofaffin sorayen Birnin Zazzau: ba shi da kauri, amma in ya ɓare, ruwan damina ya samu hanya.

Wannan shimfiɗa ba ta da hanyar jini ko ɗaya. Daga naman da ke ƙarƙashinta take samun abinci. Shi ya sa ƙaramar ƙujewa ba ta fid da jini sai ta yi zurfi.

Ire-irenta

Ana duba abu biyu, siffar ƙwayoyin da yawan hawansu. Wasu ƙwayoyin faifai ne, wasu dunƙulallu masu kusurwa huɗu, wasu dogaye a tsaye. Sannan ko dai hawa ɗaya ne, ko hawa-hawa.

Inda ake son abu ya ratsa, hawa ɗaya ne. A cikin huhu shimfiɗar siririya ce ƙwarai, don iskar da muka shaƙa ta shiga jini nan take. A ƙoda ita ke taimakawa wajen tace jini a fitar da fitsari.

Inda ake gogayya kuwa, hawa-hawa ne: fata, cikin baki, maƙoshi. Ku dubi tafin hannun manomi bayan noman farko, ko na mai tura baro a kasuwar Sabon Gari. Kantar nan da ta yi tauri, shimfiɗar ce ta ƙara hawa don ta kare naman ciki. Ta mafitsara kuwa daban ce, tana miƙewa in fitsari ya taru, ta koma in an zubar. Gumi, yawu da ruwan nono ma duk daga ƙwayoyin wannan dangi suke fitowa.

Hanji da hanyar numfashi

Mata masu wanke kayan ciki sun riga kowa ganin wannan. In kin juya hanjin akuya, za ki ji cikinsa da santsi da laushi. Namu ma haka yake. Dogayen ƙwayoyi ne ke tsotse amfanin tuwo da miya su miƙa wa jini. Aikin yana cin su, don haka jiki yake sabunta su cikin kwana 3 zuwa 5, alhali saman fata yakan ɗauki wajen wata guda. In gudawa ko kwalara ta kama yaro, ta wannan shimfiɗa ruwan jikinsa ke tsiyayewa. Ta nan kuma ruwan gishiri da sukari ke shiga, domin sukarin yana jan gishiri, gishirin ya ja ruwa. Kada a jira sai yaro ya galabaita kafin a fara ba shi.

A bututun iska akwai ƙwayoyi masu 'yan gashi ƙanana. Dare da rana suna kaɗawa, suna turo majina da ƙurar da ta maƙale zuwa sama. Kakin da kuke tofarwa da safe lokacin hunturu, mai launin ƙasa-ƙasa, aikinsu ne. Hayaƙin taba yana kashe waɗannan gashi. Hayaƙin itace a rufaffen ɗakin girki shi ma yana cutar da su, kuma a ganina wannan ne aka fi rainawa a gidajenmu. A buɗe taga, ko a fitar da murhu tsakar gida.

Kula da ita

Faso da tsagewar leɓe ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. A jiƙa ƙafa, a goge kaushi, a shafa man kaɗanya. Man bilicin kuwa yana sirantar da fata har ƙaramin rauni ya ƙi warkewa.

Shimfiɗar tana buƙatar bitamin A. Rashinsa yana kawo dundumi da bushewar ido. Ana samunsa a hanta, manja, karas, zogale, gwanda da mangwaro.

Yawancin ciwon daji daga wannan shimfiɗa yake farawa, har da na mama da na bakin mahaifa. Da yake ta bakin mahaifa tana inda ma'aikaciyar lafiya za ta iya dubawa, ana gane canji tun bai zama ciwo ba. A 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin ƙwayar HPV, wadda ke haddasa ciwon dajin bakin mahaifa. Macen da ta ga jini bayan saduwa, ko bayan al'ada ta ɗauke mata gaba ɗaya, ta je asibiti mafi kusa, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Aikin gida

Rubuta wurare 3 a jikinka inda shimfiɗar take hawa-hawa. Sannan ka bayyana wa wani a gida, da bakinka, dalilin da ya sa ake haɗa sukari da gishiri a ruwan mai gudawa.