Darasi na 7: Maganin ɗigawa na ciwon funfuna a ido

Mutanenmu da yawa na Aboabo da Asawase a Kumasi suna zuwa ƙwadago a gonakin masara da koko, wasu kuma sussuka da shiƙa ne aikinsu. A nan ne ganye ko ƙaiƙayi kan karci baƙin ido. Funfuna, irin wadda ke fitowa a jikin burodin da ya kwana biyu, tana iya shiga ta wannan ƙwarzanen. Bayan 'yan kwanaki sai ido ya yi ja, yana zafi da hawaye, ba ya son haske, sannan farin tabo ya fito a kan baƙin.

Wannan ba Afolo ba ne, wato jan idon nan mai yaɗuwa. Maganin ɗigawa da aka saba saya a kantin magani ba ya kashe funfuna, wanda ke da sitiroyid (sinadarin rage kumburi) a ciki kuwa ƙara mata ƙarfi yake yi. Kada a sa nono, ko kwalli, ko ruwan ganye. A tafi sashen ido ranar da aka ga tabon, kamar na Asibitin Komfo Anokye, a riƙe katin inshorar lafiya. A gaya wa likita abin da ya taɓa idon. Zai iya kankaro ɗan kaɗan daga gyambon a duba da madubin likita.

Maganin da aka fi bayarwa shi ne natamaisin mai ƙarfin kashi 5 cikin 100. A wanke hannu, a girgiza kwalbar sosai domin maganin yana kwantawa a ƙasa. A ja fatar ido ta ƙasa, a ɗiga ɗigo ɗaya, kada bakin kwalbar ya taɓa ido. Kwanakin farko likita kan ce a ɗiga duk bayan awa ɗaya, har da dare. Abin da wuya, shi ya sa ya kamata wani a gida ya riƙa tashin mara lafiya, ko a sa ƙararrawar waya.

Funfuna ba ta mutuwa da wuri, magani kan ɗauki makonni. Abin da ya fi damun mu shi ne mai dainawa da zarar zafi ya lafa, domin ciwon kan dawo har ya huda ido. Likita ne kaɗai zai ce a rage ko a daina.

Aiki: rubuta sa'o'in ɗiga magani a takarda, daga 6 na safe zuwa 12 na rana, ka sa alama a gaban kowace.