Yadda Ake Bin Diddigin Aikin Lauyan Filifin Na Zamanin Mulkin Amurka

Idan lauyan ya taɓa zama ɗan majalisa, fara da shekarar da ya shiga majalisar. Majalisar Filifin ta farko da aka zaɓa ta buɗe a 1907, ta dattawa kuma sai 1916, don haka duk wanda aka kira sanata kafin nan, akwai kuskure. Naɗin alƙalai yana cikin Official Gazette, jaridar sanarwar gwamnati; hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli tun daga 1901 suna cikin jerin littattafan da ake kira Philippine Reports. Gwada da lauya José P. Laurel: sanata a 1925, alƙalin Kotun Ƙoli a 1936.

Sai an yi hattara da suna. Tsofaffin takardu da Sifaniyanci kan haɗa sunan dangin uwa bayan kalmar "y" (wato "da"), har mutum ɗaya ya zama kamar biyu. Takardu da yawa kuma sun ƙone a yaƙin Manila na 1945.