Yadda za ka gane ko 7, 11 ko 13 na raba babbar lamba

Ɗalibai sun dame ni da wannan tambayar, to ga hanyar. Mu ɗauki 142,857.

1. Kasa lambar uku-uku: 142 da 857.
Hattara: daga dama ake fara kasawa. Nan yawanci ake tafka kuskure.
2. Ɗebe kason hagu daga na dama: 857 − 142 = 715.
3. Idan akwai kaso na uku, tara shi, na huɗu kuma ka ɗebe.
4. Raba 715 da 11: 65, babu saura, wato 11 na raba 142,857.
5. Raba da 13: 55 cif.
6. Raba da 7: saura 1, wato 7 ba ta raba 142,857.

Sirrin kuwa, 7 × 11 × 13 = 1,001, wato 1,000 da ɗaya; shi ya sa ake kasawa uku-uku, ana ɗebewa ana tarawa.