Yadda na magance ciwon sirdi a atisayen tseren keke

Matsalar da ta fi addaba ta tun da na fara shiga gasar tseren keke ita ce raɗaɗi da sagewar da nake ji a wurin zama idan tafiya ta yi nisa, har nakan kasa sunkuyawa yadda gudu yake buƙata. Mata da yawa suna fama da wannan, amma kunya tana hana su faɗa, kuma a ganina shirun ne ya fi cutar da mu.

Abin da ya warware mini ita shi ne awo. Na ɗora kwali a kan benci mai tauri, na zauna, na ɗan karkata gaba, sai ƙasusuwan zama biyu suka bar gurbi a jikinsa. Da na auna tazarar da ke tsakaninsu, sai na ga sirdina ya yi mini ƙanƙanta, shi ya sa nauyina yake sauka a kan tsoka mai laushi maimakon ƙashi. Na sauya shi da wanda ya fi tazarar faɗi da kimanin milimita 20, mai rami a tsakiya.

Bayan haka na ɗan sunkuyar da bakin sirdin ƙasa. Dokar gasa ba ta hana ba, domin tun 2016 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta yarda a karkata sirdi har digiri 9, sai dai idan karkatar ta yi yawa nauyi yakan koma kan hannuwa. Na kuma rage tsayinsa kaɗan, saboda ƙuguna yana rangaji duk lokacin da feda ta kai ƙasa. Wandon tsere mai soso kuwa, ina wanke shi bayan kowace fita.