Yadda za ka bi sawun tsofaffin takardun mishan na Sipaniya da na soja a Amurka

Kafin ka buɗe kowane shafi ka fara tambayar kanka, a shekarar da nake nema wa ke mulkin wurin? Domin takarda inda mai mulki yake can take tafiya. Kalifoniya da Tekzas da Niyu Meziko duk suna hannun Sipaniya har 1821, daga nan Meziko ta karɓa, Tekzas ta ɓalle a 1836, sauran kuma suka koma hannun Amurka da yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo ta 1848. Mutane da yawa nan suke shan wahala, sai ka ga mutum yana ta haƙilon neman wasiƙar 1790 a Washinton alhali tana can Sipaniya ko birnin Meziko.

In zamanin Sipaniya ne, ka fara da gidan adana takardu na Archivo General de Indias da ke Sebiya, wato Ishbiliyar Andalus ɗin nan, wanda aka kafa a 1785. Ba sai ka je ba, akwai PARES kyauta, shafin intanet na gidajen adana takardun Sipaniya, amma fa ba komai aka ɗora hotonsa ba, wani bayanin ƙunshin kawai za ka gani. Duk abin da ka samu ka rubuta sashe da lambar legajo nan take, shi ne damin takardun, in ka rasa lambar nan sake gano takardar sai an sha fama. Sannan ka leƙa Archivo General de la Nación a birnin Meziko tunda rahotannin gwamnoni ta can suke bi.

Rajistar mishan, wato matsugunan da fada-fadan Katolika suka kafa don shigar da 'yan asalin ƙasa Kiristanci, ita ce wurin da ya kamata ka daɗe. Daga San Diego da Junípero Serra ya kafa a 1769 zuwa Sonoma a 1823 mishan 21 aka yi a Kalifoniya, kowanne da littafin baftisma da na aure da na jana'iza, kuma limaman cocin suna ba kowane mutum lamba a ranar baftisma, to lambar nan ita za ka riƙe ba suna ba, saboda masu suna José da María sun yi yawa, da ita za ka bi mutum ɗaya daga shigarsa har aurensa har mutuwarsa. Laburaren Huntington ya tattara waɗannan a Early California Population Project. Sai dai ka tuna limami ne ke rubutu, ɗan asalin ƙasar da aka canza wa suna ba shi ya riƙe alƙalami ba, ni dai in na ga an rubuta wane ya gudu nakan tsaya in tambayi me ya kore shi. Wani abu kuma, asalin takardun gwamnatin Kalifoniya masu yawa sun ƙone a gobarar San Faransisko ta 1906, kofen da marubucin tarihi Bancroft ya sa aka yi su ne a jami'ar Berkeley, don haka ka riƙa faɗi ko asali ka karanta ko kofe.

Ɓangaren soja ya fi sauƙi. Na Tekzas har 1836 ka duba Bexar Archives a jami'ar Tekzas da ke Ostin, kuma kar ka raba mishan da bariki, Alamo, inda 'yan Tekzas da sojojin Meziko suka gwabza a 1836, ai tsohon mishan ɗin San Antonio de Valero ne na 1718. Yaƙin Amurka da Meziko na 1846 zuwa 1848 kuma ka duba National Archives a Washinton, rukunin takardu na 94, ka tanadi sunan soja da rundunarsa.

Karatun rubutun kam sai haƙuri, suna taƙaita kalmomi sosai, dho na nufin dicho, wato wanda aka ambata, b da v kuma musanya su suke yi yadda suka ga dama. Ka kwafe yadda yake da kurakuransa tukuna, fassara ta biyo baya a wata takarda daban.